Sarkin Ruwan da Bai Iya Ruwa Ba

Sallama gare ku 'yan'uwa na Gubaira da na Sulay a nan Riyad, da na gida masu aiko mini da saƙo.

Tun da muka dawo, duk Juma'ar da na je ɗakin su Ɗanjuma cin tuwo, ba na kai loma ta biyu baki sai wani ya ce, "Sarkin Ruwa, yaya teku?" Na ba da labarin nan har ya fara canza kama. Makon jiya na ji Malam Isa yana ba wani baƙo, a nasa har da kifin da ya kusa haɗiye ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, in samu in riƙa cin tuwona da zafinsa.

Kun dai san ni ba matafiyi ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina Riyad, abin da na sani hanyar masallaci, hanyar asibiti, sai hanyar Gubaira ran Juma'a. In ka ba ni ɗaki da shayi da abokin hira, ka gama mini komai.

Ga waɗanda ba su san asalin sunan ba: shekaruna uku na farko a garin nan wayit nake ja, wato tankar ruwa, in ɗebo a Sulay in kai wa masu gini. Shi ne 'yan ɗakinmu suka laƙaba mini Sarkin Ruwa don tsokana. Ƙauyenmu yana arewa da Daura. Ruwan da ya fi girma a wurinmu shi ne kududdufin bayan gari, shi ma uwata ba ta taɓa bari na shiga ba.

Daga baya na samu aiki a gidan Abu Fahad a unguwar Ulaisha. Shi ne kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini, igamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take. Aikina kula da mahaifinsa: in tuƙa shi, in dafa masa gahawa, in saurari labarin raƙuman da ya yi kiwo yana saurayi. Ya haura tamanin, siriri ne, da sandarsa, ga gardama. A gabansa ina ce masa ya Ammi, wato baffana, a bayansa Tsoho.

Shekara biyu da suka wuce, Malam Isa ya zo ƙofar gida ya ƙwala mini kira da sunan nan. Abu Fahad yana fitowa daga mota ya ji, ya tambayi ma'anarsa. Kun san Malam Isa, ɗalibin jami'a ne, in ya samu Balaraben da zai yi wa Larabcin littafi ba ya tsayawa. Sai ya gyara tsayuwa ya bayyana masa sarautar tun daga tushe: a ƙasar Hausa Sarkin Ruwa shi ne shugaban masunta da masu fito, gadonta ake yi, in mutum ya nutse shi ake kira, har kada ma yana jin maganarsa. Duk gaskiya ya faɗa. Abu ɗaya ya manta, bai ce ba ni ba ne. Abu Fahad ya juyo ya yi mini wani kallo da bai taɓa yi mini ba, ya ce, "Masha Allah, ya Saleh." Ni kuma na sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wannan sunkuyawar ce ta kai ni Bahar Rum.

Bana da zafi ya shigo, likita ya ce Tsoho yana bukatar sauyin iska. Abu Fahad ya ce zai ɗauki hayar jirgin ruwa na kwana bakwai, su zaga gaɓar Turkiyya da tsibiran Girka. Tsoho ya ce shi ba kifi ba ne. 'Ya'yansa mata suka ce ba za a kai musu uba cikin teku ba. Sai Abu Fahad ya ce, "Ai da Saleh za mu." Nan gardama ta mutu. Ya kira ni majalisa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Babana amana ne a hannunka. In ya faɗa ruwa, kai muka sani."

Na buɗe baki in faɗi gaskiya. Sai na tuna igamata saura wata uku ta ƙare, na tuna 'ya'yana huɗu a gida. Mutumin da ya shekara biyu yana karɓar yabon da ba nasa ba, in aka ba shi takardar fita ba dawowa, wa zai ce an zalunce shi? Na ce, "Abshir, ɗal umrak," wato an gama, ranka ya daɗe.

Ran Juma'a na kai kukana wurin Ɗanjuma, tunda shi mutumin Yawuri ne, a bakin kogi aka haife shi. Ya yi dariya har ya ƙware. Sannan ya ture kwanuka gefe ya ce in kwanta rub da ciki a kan kafet.

"Miƙa hannu. Ja ruwa. Wuntsila ƙafa. Ba haka ba, Sarki, wannan ai shure-shuren rago ne ran Layya."

Na yi wajen minti ashirin ina iyo a kafet, mutum bakwai suna kallo suna ba da shawara. Da na tashi na ce, "To yanzu na iya?"

Ya ce, "In tekun kafet ne, babu mai kamo ka."

Aka yi mini takardar fita da dawowa, aka buga biza biyu, muka tashi mu uku: ni, Abu Fahad, da Tsoho. Jirgin sama biyu muka hau. A filin jirgin Turkiyya aka tsayar da jakata, saboda a ciki akwai butar gahawar Tsoho da ɗan turminsa na tagulla da taɓaryarsa, don ya rantse ba zai sha gahawar da inji ya niƙa ba. Ma'aikacin ya ɗaga taɓaryar yana juyawa. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, sai na karɓa na daka masa iska a cikin turmin, da irin kiɗan da Tsoho ke so. Ya kira abokin aikinsa ya ce in sake. Haka na shiga ƙasar Turkiyya da kiɗan turmi.

Daga nan mota ce, cikin duwatsu, hanya tana nannaɗewa kamar an yar da igiya. Na tambayi sunan garin da za mu, direba ya ce Marmaris. Na ce a raina, marmari dai, amma ba nawa ba. Ya miƙo mini gorar ruwa yana cewa, "Su, su." Na ɗauka tun a mota an fara maganar kamun kifi. Ashe a bakinsu ruwan sha ne su.

Jirgin na katako ne, an goge shi yana ƙyalli, da dogayen itatuwa biyu a tsaye kamar falwaya. Masu shi mata da miji ne. Mijin shi ne kyaftin, wani jibgege mai farin gashin baki, ya taɓa aiki a Jidda, Larabcinsa irin nawa ne na shekarar farko. Matar ita ke girki. Tsakanin ƙasa da jirgi katako ɗaya ne siriri, ruwa a ƙarƙashi. Tsoho ya taka da sandarsa ya wuce kamar zai shiga masallaci. Ni na sa ƙafa, katako ya motsa, na janye. Na sake sawa, na sake janyewa. Abu Fahad ya ce da kyaftin, "Ka gani? Sai ya gwada komai tukuna." A na ukun na rufe ido na haye.

Ina shirya kayan gahawa a kicin sai ga kyaftin. Ya jingina da ƙofa ya ce, "Sadik, abokina, kai ba ka taɓa hawa jirgi ba."

Na ce, "Na hau na sama, biyu ma yau."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Na kama hannunsa na ba shi labari da ɗan Larabcin da muka haɗu a kai. Ya ce in faɗa musu. Na ce gobe. Ya girgiza kai, ya buɗe wani akwati ya ɗauko mini rigar ceto, irin mai soso a ciki, ruwan goro, wadda ke hana mutum nutsewa. Na sa ta a jikina, na ɗora babbar jallabiyar da Ɗanjuma ya ara mini, irin ta Sudan mai faɗi. Tun daga ranar ba na cire ta sai in zan yi wanka.

Kafin a tashi kyaftin ya kai wa Tsoho tasa rigar. Tsoho ya ture ta da sanda ya ce, "Wannan ta yara ce da Turawa. Ni ina da Sarki." Kyaftin ya dube ni. Ni kuma na dubi butar gahawa. Abin da ya tsaya mini a rai duk tafiyar nan ke nan: saboda ni dattijon nan yake yawo a kan ruwa ba komai a jikinsa sai farar riga.

Ɗakin kwanana, in ka cire 'yar tagar da ke jiki, ba shi da maraba da kabari. In na juya hagu katako, in na juya dama katako. Bayan gida kuwa sai ka yi ta buga wani famfo da hannu kafin ruwa ya tafi, ga shi wurin yana lilo, kana riƙe da buta da hannu ɗaya, da ɗayan kana riƙe da ranka.

Da safe matar kyaftin ta jera ƙananan faranta: zaitun, tumatir, kokwamba, cuku, zuma, burodi. Na zauna ina jira a kawo abincin. Ashe shi ke nan. Ba ma sai na damu ba, domin muna fita daga bakin gari cikina ya juya. Kwana biyu duk abin da na ci sai na je bayan jirgi na mayar wa kifaye, ina yi kamar duba ruwa nake. Matar nan, Allah ya saka mata, sai ta riƙa ajiye mini busasshen burodi da shayi a wani ɗan kofi mai siririn ƙugu. Da na warware na ba ta yajin da na taho da shi. Ta lasa, ta yi hawaye, ta kuma ɓoye kwalbar a aljihunta. Abu Fahad kuwa ya dubi ƙirjina da ya cika jallabiya ya ce, "Abincin Turkiyya ya karɓe ka, ya Saleh. Kwana biyu ka zama biyu." Ni kuwa gumi ne ke bin bayana har dunduniya.

In iska ta yi kyau sai kyaftin ya kashe inji, a ja igiyoyi, wasu manyan fararen ƙyallaye su buɗe kamar an shanya zanin gadon ƙattai. Sai jirgi ya kishingiɗa gefe ɗaya ya kama gudu shiru. A daidai lokacin Tsoho ke son gahawa. Kun san ƙa'idarta: a tsaye ake zubawa, buta a hagu, kofi a dama. In na nufi Tsoho sai jirgi ya kai ni wurin Abu Fahad, in na dawo sai in wuce shi da taku uku. Tsoho ya ce da ɗansa, "Nasir, dubi yadda yake tafiya tare da ruwa. Wannan ba koyo ba ne, jini ne." Nasir shi ne sunan Abu Fahad na yanka, uban kaɗai ke kiransa da shi.

Duk kifin da aka kamo sai Tsoho ya tambaye ni sunansa. Na raba musu sunayen da nake ji a bakin Ɗanjuma: wannan tarwaɗa, wancan ƙarfasa, wancan ragon ruwa. Rana ta uku aka kawo wata halitta mai hannu takwas, kowane hannu da ƙuraje a jere, an gasa ta an zuba mai. Tsoho ya nuna ta da cokali. Sunaye sun ƙare mini. Na ce, "Wannan a wurinmu ba a faɗin sunanta, ya Ammi." Ya ajiye cokali da ladabi, bai ci ba. Ni ma na huta.

Kullum da yamma sai a shiga wani lungun ruwa tsakanin duwatsu, a jefa ƙugiyar ƙarfe a tsaya. Nan muke haɗuwa da jiragen Turawa. Mu a Riyad gudun rana muke, daga inuwa sai mota mai sanyi. Su kuwa sun baro ƙasarsu takanas don su kwanta a cikinta. Sai mutum ya tuɓe, ya shafe jikinsa da mai, ya miƙe a kan katako, in gefe ɗaya ya yi ja ya juya ɗayan. Mai tsire ma ba ya kula da namansa haka. Amma suna da gaisuwa. Duk jirgin da ya gifta sai sun ɗaga hannu, ba su san ka ba, ba ka san su ba.

Salla ma ta zo da nata. Mu Hausawa alƙibla gabas muke ce mata, har a Riyad inda take yamma, sai ka ji mutum ya kalli faɗuwar rana yana cewa ya fuskanci gabas. To a can ba gabas ba ce, ba yamma ba ce, tana wani wuri tsakanin gabas da kudu. Tsoho ya ce ni zan nuna, tunda mutanen ruwa sun san sama. Sai in faki ido in leƙa agogon kyaftin mai allura, in dawo in ɗaga kai in dubi gajimare, in nuna. Matsalar ita ce jirgin da ke tsaye a kan ƙugiya juyawa yake a hankali. Mun tayar da La'asar muna kallon dutse, muka sallame muna kallon wata Baturiya da ke shafa mai. Tsoho ya yi istigfari ya ce gobe a kafa mana labule.

Rana ta huɗu muka shiga ƙasar Girka, wani tsibiri da suke kira Simi. Ni dai shimi na ji, ban kuma tambayi ta wace ce ba. Gidajensu sun hau dutse, wani a kan wani, rawaya da ja da shuɗi. A bakin tasha aka karɓi fasfo. Na Larabawa aka buga aka dawo da su, ni mai fasfon ƙasarmu aka ce in zo ofis a gan ni. Kyaftin ya raka ni. Ina shiga jami'in ya dubi fuskata, ya dubi ƙirjina da ya kumbura ƙarƙashin jallabiya, ga alamar igiyoyi. Sai na ga ya miƙe a hankali yana ja da baya, hannunsa ya tafi ƙugu. Ban gane ba sai da kyaftin ya yi tsalle ya kama gindin jallabiyata ya yaye ta har wuya. Ga ni tsaye a ofishin hukuma, gajeren wando da rigar ceto ruwan goro, har da usur ɗinta yana lilo. Ashe ya ɗauka bam na ɗaura. Kyaftin ya yi masa bayani. Mutumin ya zauna, ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Ya buga mini hatimi yana share ido, ya nuna ƙasa da yatsa yana magana. Kyaftin ya ce, "Yana cewa nan tudu ne, za ka iya cirewa." Ban cire ba.

A hanyar komawa kyaftin ya daina dariya. Ya ce, "Sadik, gobenka ta yi yawa." Na ce gobe dai.

Garin ya yi wa Tsoho daɗi. Kyanwoyi ko'ina, ƙosassu, ba mai korarsu. A bakin wani shagon shayi muka tarar da dattawa zaune, kowa da carbi a hannu. Tsoho ya yi murna, ya yi musu cikakkiyar sallama, ya zauna cikinsu ya fito da nasa. Sai muka ga ɗaya ya wulwula carbin a yatsa ya cafe, ƙas, ya sake wulwulawa. Ashe ba tasbihi suke ba, abin wasan hannu ne kawai, ga ƙararrawar coci tana bugawa a bayansu. Tsoho ya bi carbin da kallo. Can ya ce, "To, aƙalla sun riƙe kayan aikin." Suka kawo masa gahawarsu mai kauri kamar kunu. Ya aike ni jirgi na dafo tamu. Suka kurɓa suka yamutsa fuska, shi ma ya kurɓi tasu ya yamutsa, aka rabu ana ta dafa kafaɗa.

Rana ta shida ce abin ya faru. Mun tsaya a wani lungu, kyaftin ya ce bayan wancan dutsen akwai gidan abinci a bakin ruwa, sai dai babban jirgi ba ya isa, sai da ƙaramin kwalekwalen roba mai inji. Ruwa kwance yake lumui. Muka shiga mu huɗu. Kyaftin ya miƙa wa Tsoho riga, Tsoho ya jefa ta cikin babban jirgi ya zauna a gefen roba, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Muna zagaya dutsen iska ta tarbe mu. Kwalekwale ya ɗaga kai ya faɗo, ruwa ya watso mana. Ya sake ɗagawa. Kyaftin ya ce kowa ya riƙe igiya, komawa ta fi ƙarasawa haɗari. Abu Fahad ya ɗaga wayarsa sama kada ta jiƙe. Na dubi Tsoho. A karo na uku sai da mazauninsa ya rabu da robar, sandarsa ta faɗa ruwa ta tafi. Bai tsorata ba. Ya kama gwiwata da hannunsa mai sanyi, ya yi mini murmushi ya ce, "Kana nan ai, ya Sarki."

Ban san lokacin da na cire jallabiya ba. Na kwance igiyoyin rigar, na zura masa ita ta ka, na ɗaure tamau, na zaunar da shi a ƙasan kwalekwalen tsakanin ƙafafuna. Ina yi ina magana, da Larabci da Hausa a haɗe. Na ce, "Ya Ammi, ban iya ruwa ba. Ban taɓa iyawa ba. Tankar ruwa nake ja a Sulay, shi ne sunan. In ka faɗa ba abin da zan iya sai in bi ka mu tafi tare."

Inji na kuka, ruwa na dukan bayana tsirara, na rungume dattijo da hannu ɗaya, ɗayan a igiya, ina karanta duk abin da na haddace har da addu'ar shiga kasuwa. Minti nawa ne ban sani ba. Sai na ji ƙasan kwalekwale ya gurji tsakuwa.

Muka fito. Mutane suna cin abinci a ƙarƙashin rumfa, suka juyo suna kallon baƙin mutum da gajeren wando da tsohon Balarabe cikin rigar ceto. Abu Fahad ya tsaya a gabana. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Ya ce, "Shekara biyu, ya Saleh."

Na ce, "Haka ne, ɗal umrak."

"Na ce maka amana. Ka dube ni ka ce abshir."

"Haka ne."

"Kwana shida kana sanye da riga a ɓoye, ubana ba komai."

Na riga na ga kaina a filin jirgi da jaka ɗaya. Sai Tsoho, da ke zaune a kan wani dutse yana matse gefen rigarsa, ya ce, "Nasir."

"Na'am, Baba."

"Kai ka iya ruwa?"

"Na iya."

"Na ga abin da ka ɗaga sama."

Abu Fahad ya dubi wayar da ke hannunsa har yanzu. Ya sa ta a aljihu. Tsoho ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma maƙaryaci, zo ka zama sandata, tawa ta tafi. Kuma a sake kawo mini abin nan mai hannu takwas, ka hana ni ci a banza."

Ya ci, ya ce kamar roba. Abu Fahad bai yi mini magana ba a wurin cin abincin, bai yi ba a hanyar dawowa da iska ta kwanta, bai yi ba washegari da safe. Na zuba masa gahawa ya karɓa bai dube ni ba. Kyaftin ya ba ni wata rigar, wannan karon a kan jallabiya na sa ta, kowa na gani. Iskar da ta ratsa ni ranar, tun da muka zo ban ji irinta ba.

Ranar ƙarshe, kafin mu koma Marmaris, aka tsaya a wani wuri mai ruwa garau, kana hango duwatsun ƙasa. Abu Fahad ya faɗa yana iyo. Tsoho ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce shi fa ba zai koma Riyad a ce ya zo teku bai taɓa ta ba. Ya sa rigar ceto da kansa, ya ce in ɗaure masa. A bayan jirgi akwai wani ɗan dandamali da tsani mai shiga ruwa. Muka sauka a hankali, kyaftin na riƙe da shi ta sama, muka zauna a gefe muka zura ƙafafu. Sanyi ya kama ni har haƙori.

Abu Fahad ya yi iyo ya matso kusa, ya tsaya yana tattaka ruwa, yana kallonmu mu biyu cikin rigunanmu ruwan goro kamar tagwayen da aka yi wa ɗinkin Salla. Na ga yana ƙoƙarin haɗe fuska, bakinsa yana ƙi. Ya ce, "Saleh."

Na ce, "Na'am, ɗal umrak."

Ya ce, "Riƙe shi da kyau."

Ya juya ya ci gaba da iyonsa. Na sa hannu na kama igiyar bayan rigar Tsoho, na naɗe ta a yatsuna sau biyu. Tsoho ya leƙa ƙasa, yana motsa 'yan yatsun ƙafarsa a ruwa, ƙananan kifaye suna zuwa suna dubawa.

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, nan akwai zurfi?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba, ya Ammi."

Ya ce, "Ni ma haka. To kada ka sake ni, ni ma ba zan sake ka ba."

Muka zauna a haka, kowa riƙe da ɗan'uwansa, har matar kyaftin ta leƙo ta ce abinci ya sauka.